Abin da Ruwa Ya Bari na Kamfanin Tollefson

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ni, Hambali Ahmadu, haifaffen Zariya, mai zanen gine-gine, nake rubuta wannan da hannuna a gidan 'yata Kausar da ke Pantai Dalam, cikin birnin Kuala Lumpur, a watan Rajab na shekarar 2016. Ina cikin hankalina, babu wanda ya sa ni, kuma ba zafin ciwo ne yake magana ba. Na zaɓi safiya domin a lokacin ne magani bai gama saukar mini da kasala ba. Likita ya yi mini bayani Kausar tana zaune. Ya ce ciwon dajin ya bazu, abin da ya rage musu shi ne rage mini raɗaɗi. Na yi masa godiya, domin bai ɓoye mini komai ba.

Na shaida babu abin bautawa da gaskiya sai Allah, kuma Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Manzonsa ne. A kan haka na rayu, a kan haka nake roƙon in cika.

Zuwa gare ku 'ya'yana uku: Muhyiddeen a Kaduna, Kausar da nake gidanta, da autana Muntasir a Bukit Jalil, wata unguwa a nan birnin.

Na ɗaya. A binne ni a nan. Kada a sa gawata a jirgi. Fatihu, mijin Kausar, ya riga ya yi magana da limamin ƙaramin masallacin unguwarmu, wanda mutanen nan suke kira surau, ya ce akwai wuri a maƙabartar Musulmi, kuma su za su tsaya a kan komai. Ba zan ɓoye muku ba, na so in kwanta a Zariya kusa da mahaifiyarku Hureira. Na daɗe ina kallon filin da ke gefen kabarinta a matsayin nawa. Amma ba na so a ajiye ni cikin sanyi ana bin ofisoshi da takardu. Ƙasar nan ma ta Allah ce.

Na biyu. Abin da na bari a raba shi yadda shari'a ta tsara, ba ni da ta cewa a ciki. Babu wanda yake bi na bashi. Kayan aikina kuwa na ba da su kyauta tun ina raye, Fatihu shaida ne. Teburin zane na Kaduna na Muhyiddeen ne. Akwatin fensirori da kamfas na Muntasir ne, ko da ba zai taɓa buɗe shi ba. Alƙur'anin mahaifiyarku yana hannun Kausar, ya zauna nan.

Na uku. Wannan ita ce mai tsawo, ku yi haƙuri da ni.

Akwai baƙin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona. Kun san shi tun kuna yara, kun kuma san ba a zama a kansa. A ciki akwai naɗaɗɗun zane-zane na wani kamfani da ake kira Tollefson da 'Ya'yansa, a garin Cedar Rapids na jihar Iowa, a Amurka. Kun sha jin sunan a bakina gutsi-gutsi, ban taɓa zaunar da ku na ba ku labarin daga farko ba.

Wanda ya kafa shi, Anders Tollefson, ɗan kafinta ne, iyayensa daga Norway suka zo. Ya buɗe ofis a 1921 a saman wani shagon takalma. Iowa ƙasar masara ce, shimfiɗaɗɗiya, ka yi ta tafiya ba tudu, sai rumbunan ƙarfe da ƙananan garuruwa. Waɗannan garuruwan Anders ya yi wa aiki: makarantun firamare na jan bulo, coci-cocin manoma, ɗakunan karatu, kotuna, asibitocin karkara. Bai taɓa gina abin da aka buga a manyan mujallu ba. Yana da ƙa'ida guda, cewa ba ya karɓar aikin da ba zai iya zuwa a mota ya dawo a yini ɗaya ba, domin ranar da rufi ya yi yoyo shi za a kira, kuma dole ya je. Da tattalin arzikin ƙasarsu ya durƙushe bayan shekara goma, bai sallami kowa ba. Ya koma zana wa manoma garken shanu, suna kawo masa ƙwai da masara.

Yana da 'ya'ya maza biyu, Erik da Paul, ya koya musu aikin tun suna ƙanana, ya sa aka rubuta “da 'Ya'yansa” a jikin ƙofa. Bayan yaƙin duniya na biyu aka yi ta haihuwa, kowane gari yana son sabuwar makaranta, aiki ya yi yawa har suka koma babban gini a tsakiyar gari, kusa da kogi. A wannan lokacin ne Paul, wanda ya dawo daga yaƙi, ya ce shi ba zai iya zaman tebur ba, ya tafi sayar da injinan noma. Da Anders ya rasu, Erik ya riƙe kamfanin shi kaɗai. Ba a goge rubutun ƙofar ba.

Ni na isa wurinsu a 1976, bayan na gama karatu a can Amurka da tallafin gwamnati. Na kai takarduna wurare da dama, wasu da sun ga fuskata sai gurbin ya cike. Erik ya karɓi jakar zanena yana buɗawa har ya kai kan zanen zauren gidan kakana na Zariya. Ya tambaye ni me ya sa ƙofar shiga da ta fita ba sa kallon juna. Na ce don kada na waje ya hango cikin gida, kuma don iska ta karye kafin ta shiga. Sai ya ce, “Mu ma iskarmu ta lokacin sanyi tana bukatar wanda zai karya ta. Ka zo ranar Litinin.” Da ya ji ina zuwa masallaci ranar Juma'a, shi da kansa ya rubuta a kalandar ofis cewa ba a sa taro a wannan lokacin.

Teburina yana kusa da na 'yarsa Ruth, sa'ata ce, ita ma mai zane. Ita ta koya mini tuƙi a kan ƙanƙara. Da mahaifiyarku ta biyo ni, Ruth ce ta kai ta ta sayi rigar sanyi. Muhyiddeen, ranar da za a haife ka ina wani gari ina duba aiki, dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Ruth ce ta kai Hureira asibiti, ta riƙe mata hannu, ɗaya ba ta jin Hausa, ɗaya Turancinta bai nuna ba. Ita ta fara ɗaukar ka kafin ni.

A can na zana ƙofar wani ɗakin karatu a wani ƙaramin gari, na yi mata lanƙwasa irin ta zaure. Tsofaffin garin suka riƙa tsayawa a wurin suna kakkaɓe ƙanƙarar takalmansu suna hira, har aka sa musu benci. A duk abin da na zana a rayuwata, har da manyan ma'aikatun da na yi a gida, babu wanda nake tunawa kamar wannan 'yar ƙofar.

Sai masifa ta faɗa wa manoman. Farashin masara ya faɗi, bankuna suka riƙa ƙwace gonaki, garuruwa suka fara zama kango, ana haɗe makarantu uku a mayar da su ɗaya. Na ga Erik yana zama a ofis yana kallon waya ba ta bugawa. Ban jira ya rasa yadda zai faɗa mini ba, a 1984 na ce masa zan koma gida. Ranar sallama ya kai ni ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda suke ajiye zanen duk ginin da suka taɓa yi, ya zaɓo mini waɗanda na sa hannu a ciki, ya haɗa da wasu na mahaifinsa na asali, na tawada a kan ƙyalle. Ya ce, “Ka nuna wa yaran ƙasarku. Mu muna da su da yawa.”

Erik ya rasu, Ruth ta gaje shi. Ta yi shekaru tana fafatawa da manyan kamfanonin Chicago masu zuwa da na'urori da lauyoyi su kwashe aikin makarantu. A damina ta 2008 kogin ya yi ambaliyar da ba a taɓa gani ba, ya shanye tsakiyar garin. Da ruwa ya janye suka sauka ɗakin ƙasan. Ruth ta ce mini a waya, “Hambali, ka sa hannu ka ɗebo, sai ya zube ta tsakanin yatsunka.” Aikin kakanta da na ubanta da nata, duk ya zama kunu. Bayan shekara biyu ta sayar da kamfanin ga wani babba, suka cire sunan daga ƙofa.

Daga nan ta shiga neman duk wanda ya taɓa aiki da su, tana roƙon ko da kwafi ne, domin ta rubuta tarihin kamfanin ta ajiye. Ashe na Anders na asali babu wanda ya rage a duniya sai waɗanda ke ƙarƙashin gadona. Na yi mata alkawarin zan kai mata da kaina. Sai ciwon mahaifiyarku ya taso, sai rasuwarta, sai nawa ciwon ya kawo ni nan. Ruth ta rasu bara, ba ta gan su ba.

Kausar, ga abin da nake so. Danshin garin nan ya fara cin gefen takardun, na ga fumfuna a jikin biyu. Kada su ƙara wata damina a nan. Ki gama ɗaukar hotunansu a jami'arku kamar yadda kika fara, kowannenku ya samu, sannan ki aika na asalin zuwa ɗakin adana tarihi na jihar Iowa, inda aka kai sauran takardun Ruth. Sun amsa, suna jira. Ki haɗa da maganar da na yi ta yi kina naɗa a wayarki da rana bayan azahar, ki juya musu ita da Turanci. Inda na yi kuka ki tsallake. Na san karatun digirinki na uku ya isa kaya, ga yara, ga jinyata. Wannan ne nauyi na ƙarshe da zan ɗora miki.

Na huɗu. Muhyiddeen, wannan taka ce, a kan ofishin zanen da na buɗe a Kaduna.

Na san wani babban kamfani na Abuja ya nemi ka haɗe da su. Na san ka ƙi, ka kuma hana kowa ya gaya mini. Charles, tsohon ma'aikacinmu na ofis, shi ne ya faɗa mini, kada ka yi fushi da shi. Na san ka so koyarwa tun kana ƙarami, jami'a ta kira ka har sau biyu ka ce Baba yana bukatarka. Kullum ka kira ni sai ka ce, “Aiki lafiya, Baba, alhamdulillahi,” ina jin gajiyar a muryarka.

Magana ta ƙarshe da na yi da Ruth, tana asibiti, ni ma ina asibiti, duniya guda tsakaninmu. Na ce mata ta yi abin a yaba, ta riƙe sunan gidansu har ƙarshe. Ta yi dariya ta ce ita tun tana budurwa ta so ta tafi bakin teku ta zana gidajen katako. Na ce to me ya hana ki? Ta ce, “Babana bai taɓa cewa dole in zauna ba. Amma bai taɓa cewa zan iya tafiya ba. Na yi ta jira.”

To ni ga shi na ce maka, a rubuce, da hannuna: za ka iya tafiya. Idan ka ga sayarwa ce alheri, ka sayar. Idan rufewa ce, ka rufe. Idan kuma kai da kanka kana son riƙewa, ka riƙe, amma ka sa a sauke allon nan mai sunana ka sa naka. Na buɗe ofishin ne don in ciyar da ku, ya kuma ciyar da ku. Ba zan ce abin ba ya yi mini ciwo ba. Na tuna ranar da muka kafa allon, mahaifiyarku tana tsaye a titi tana cewa ya karkace ta hagu. Amma wannan ciwon nawa ne, zan tafi da abina. Ban yarda ka gaje shi ba.

Na biyar. Duk abin da ka yanke, ka fara da mutanen da ke ciki. Lokacin da aka sayar da kamfanin Tollefson, waɗanda suka tsufa a wurin ta saƙon kwamfuta suka ji an sallame su, kuma wannan ya fi ambaliyar cin ran Ruth. Charles ya zo wurina daga Kafanchan tun bai yi aure ba, yau yana da jikoki. Lokacin rikicin Kaduna iyalinsa a gidanmu suka ɓuya, da abin ya juya kuma shi ya tsaya a ƙofar ofis ya hana a ƙona. Ka zaunar da shi da sauran, ka gaya musu baki da baki, kuma kada ka sa hannu a kowace takarda sai ka san inda kowannensu zai dosa.

Na shida. Muhyiddeen da Muntasir.

Tun ranar sadakar arba'in ta mahaifiyarku ba ku yi magana ba. Ina ɗaki na ji komai. Muntasir ya ce ya bar karatun zane, zai zo Malesiya ya karanta kwamfuta. Muhyiddeen, ka ce masa, “Ka gudu ka bar ni da kaya, ka je ka ci kuɗin Baba a ƙasar waje.” Muntasir, ka ce masa, “Ni ba zan mutu a kan teburin wani ba kamar kai.” Kowannenku ya faɗi abin da ya san zai fi shiga. Tun daga nan sai dai Kausar ta kai saƙo ta dawo da saƙo. Ko batun maganina ta hannunta kuke yi.

Bari in gaya muku yadda ta ƙare wa Erik da Paul. Gari ɗaya suka zauna, suka tsufa, ba sa gaisawa. Ba wanda ya cuci wani, magana ce irin taku aka yi a kan tebur bayan an binne mahaifinsu. Da Paul ya rasu, Erik ya ce in kai shi, domin idonsa ya fara rauni. Ya sa baƙar kwat, muka isa ƙofar cocin, na kashe mota. Mutane suna shiga, shi bai motsa ba. Na ce, “Ranka ya daɗe, za a fara.” Ya ce, “Me zan ce wa matarsa? Yaran can da ke tsaye jikokinsa ne, ban san sunan ko ɗaya ba.” Muka zauna a motar har aka fito da akwatin, aka wuce ta gabanmu. Ya cire hularsa ya ɗora a cinya. Sannan ya ce in mayar da shi ofis. Mutumin da ya yi mini alherin da ba zan iya biya ba, na ga ya zauna a teburinsa ya riƙe fensir har yamma bai ja layi ɗaya ba.

Muntasir, ba ka yi laifi da ka bar zane ba. Na ga yadda fuskarka take haske in kana bayanin aikinka, ko da ban gane rabinsa ba. Ina ganin ka kana hawo jirgin ƙasa daga Bukit Jalil bayan lacca, ka tsaya shagon mamak, wato na abincin Indiyawa Musulmi, ka yi mini tapau, a ƙunsa maka gurasar roti ka kawo mini, ka zauna kana lallashi na in ci ko loma biyu. Zuciyar da ta iya wannan ba za ta kasa kiran yayanta ba. Shi ne babba, kai za ka fara. Muhyiddeen, kai kuma in ya fara kada ka sa shi ya maimaita. Kayan da ka ce ya bar ka da shi, ga shi na sauke maka. Ba sauran abin da za ku yi faɗa a kai.

Na bakwai. Kausar, 'ya'yanki suna kira na Atuk, wato kaka, kamar yaran Malay, in na yi musu Hausa su amsa da Turanci. Ban ji haushi ba, a nan suka buɗe ido. Amma ki riƙa kai su Zariya ko da sau ɗaya ne a shekara biyu, su san kabarin kakarsu, su san 'yan'uwansu da suna. Kuma in kin gama karatun nan, ki huta. Tun ciwon mahaifiyarki kike jinya. Na yafe miki duk abin da kike tsammanin kin gaza a kai, ban ma ga gazawar ba. Fatihu, ka riƙe ni kamar uban da ya haife ka. Allah ya ba ka masu yi maka haka.

Duk wanda na ɓata wa, a gida ko a wurin aiki, ku roƙar mini gafararsa. Ni na yafe wa kowa.

Allah ya yi muku albarka, ku da abin da kuka haifa da wanda za ku haifa. Allah ya tsare muku imaninku, ya ba ku halal mai isa, ya sa ku gama da duniya lafiya. Allah ya jiƙan Hureira, ya haskaka makwancinta, ya haɗa mu a inda ba a rabuwa. Ku riƙe salla. Ku riƙe junanku, domin bayan ni ba ku da wani babba da zai tara ku, sai ku tara kanku.

An saba karanta irin wannan takarda bayan an dawo daga maƙabarta. Ni na ce wa Kausar ta aika muku da ita yau. Muhyiddeen, ka taho a jirgin da ka fara samu. Muntasir, kai za ka je filin jirgi ka ɗauko yayanka, kai kaɗai, kada ka aika masa da mota. Hanyar tana da tsawo, za ta ishe ku.

Ina nan a kujerar baranda, inda nake kallon ruwan la'asar. Idan kun iso kun same ni, ku shigo tare. Idan ba ku same ni ba, Fatihu zai nuna muku wurin. Ku je tare.

Mahaifinku,
Hambali Ahmadu